Hunturun da mura ta daina jin Tamiflu

A ƙarshen watan Janairun 2008, hukumar kula da lafiyar jama'a ta ƙasar Norwe ta aika wa Hukumar Lafiya ta Duniya labarin da bai yi wa kowa daɗin ji ba. Cikin samfuri 16 na ƙwayar cutar mura nau'in H1N1 da aka ɗauko daga jikin majinyata a farkon hunturun, 12 ba sa jin oseltamibir, maganin da duniya ta fi sani da sunan Tamiflu. Kafin wannan lokaci, in aka gwada ƙwayoyin murar da ke yawo cikin jama'a, da ƙyar ake samun ɗaya cikin ɗari mai irin wannan taurin kai. Kafin hunturun ya fita, kusan biyu cikin uku na samfurin da aka gwada a Norwe haka suke.

Murar da ake magana a nan ita ce infuluwenza, mai zuwa da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, wadda kan kwantar da ƙato kwana da kwanaki, kuma takan yi ajalin tsofaffi da jarirai da masu raunin garkuwar jiki. Ita aka yi wa Tamiflu. A waɗancan shekaru kuwa gwamnatoci da dama sun sayi maganin sun jibge a rumbuna, saboda fargabar murar tsuntsaye ta H5N1 da ta tayar da hankalin duniya tun wajajen 2005.

Inda abin ya fi ɗaure kai shi ne wurin da ya ɓullo. Norwe ƙasa ce da likitocinta ba su cika rubuta Tamiflu ba, kuma majinyatan da aka samu da wannan ƙwayar ba su sha maganin ba kafin a ɗauki samfurinsu. Japan kuwa, wadda a lokacin ita ke shan kaso mafi tsoka na Tamiflun da ake sayarwa a duniya, ba ta ga ko kashi 3 cikin ɗari ba a wannan hunturu. Abin da aka saba sani shi ne yawan shan magani ke haifar da ƙwayar da ba ta jin sa. A nan sai ga wuta ta tashi inda ba a ajiye ashana ba.

Almakashin da ƙwayar ke ɗauke da shi

Sai an san aikin furotin ɗin da maganin ke kai wa hari kafin a gane lamarin. Ƙwayar infuluwenza aba ce ƙarama ƙwarai, kundin gadonta gutsattsari takwas ne na RNA, sinadarin da ke ɗauke da bayanan halittarta a jere kamar rubutu, haruffansa duka-duka wajen 13,500. A bayanta akwai furotin iri biyu da suka yi cirko-cirko kamar ƙaya. Ɗaya shi ne hemagulutinin, wanda harafin H na sunan H1N1 ke nufi. Shi ne hannun da ƙwayar ke kama tantanin maƙogwaro ko na huhu da shi (tantani shi ne ƙaramin tubalin halitta da jiki ya ginu da shi), ta hanyar maƙalewa jikin wani sinadari da ke lulluɓe da tantanin, mai suna sayalik asid. Na biyun shi ne niyuraminides, mai harafin N. Shi almakashi ne. Bayan ƙwayar ta shiga tantani ta hayayyafa, 'ya'yan da suka fito sukan tarar da kansu a maƙale jikin wannan sinadarin dai da uwarsu ta kama ta shiga. Niyuraminides ne ke datse shi, su sami sakewa su nufi tantani na gaba. In babu almakashin, sai su cure wuri guda, cutar ta tsaya nan.

A 1983 masana a Ostireliya, Peter Colman da Jose Varghese da Graeme Laver, suka fitar da siffar wannan furotin dalla-dalla. Suka ga cewa ko da sauran jikinsa na ta sauyawa shekara bayan shekara, ramin da yake yanka da shi kusan bai canzawa. Daga nan aka sami dabarar ƙera wani abu mai kama da sayalik asid, wanda zai shiga ramin ya toshe shi. Zanamibir, da ake sayarwa da sunan Relenza, shi ya fara fitowa daga wannan tunani. Oseltamibir ya biyo baya, kamfanin Gilead ya ƙirƙiro shi, Roche ya kai shi kasuwa. Dukansu biyu sun sami izini a Amurka a 1999. Tamiflu ya fi karɓuwa don haɗiyarsa ake yi, shi kuwa Relenza sai an shaƙa.

Furotin sarƙa ce ta amino asid, waɗanda iri ashirin ne, kuma jerinsu ne ke sa sarƙar ta naɗe ta ɗauki siffa takamaimai. Sarƙar niyuraminides na da wajen amino asid 470, kuma huɗu ne ke haɗuwa su yi kai guda mai aiki. A wuri na 275 akwai amino asid mai suna histidin. A ƙwayoyin Norwe, tairosin ne ya maye gurbinsa. Shi ne ake rubutawa H275Y, wasu kuma H274Y saboda bambancin tsarin ƙirga. Harafi ɗaya ne tak ya sauya a kundin gadon.

Yadda harafi ɗaya ya karya magani abu ne da ya kamata a duba da kyau. Oseltamibir na da wani reshe mai ɗan kauri wanda sayalik asid na asali bai da shi. Kafin reshen ya zauna cikin ramin, dole wani amino asid da ke bakin wurin, gulutamet, ya juya gefe ya ba shi fili. Histidin na nan kusa da shi, kuma ba ya tare masa hanya. Tairosin kuwa ya fi girma. Da ya zauna wurin sai ya tokare gulutamet ɗin, ya hana shi juyawa, filin bai buɗe ba, maganin ya kasa zama daram. Ƙarfin riƙonsa ya ragu ninki ɗaruruwa. Sayalik asid na ainihi ba ya buƙatar wannan filin, saboda haka almakashin ya ci gaba da yanka. Zanamibir ma, da yake ya fi kama da sayalik asid, bai buƙatar gulutamet ya motsa, shi ya sa ya ci gaba da aiki a kan ƙwayoyin nan. Hotunan siffar furotin da masana a Landan suka wallafa a 2008 sun nuna wannan ƙarara.

Abin da aka sakankance da shi

H275Y ba baƙo ba ne ga masana a 2008. An sha ganin sa jifa-jifa a jikin waɗanda ake yi wa magani da Tamiflu, musamman yara, kuma a 2005 an same shi a jikin majinyatan H5N1 a Biyetnam. Ba abin mamaki ba ne, domin injin da ke kwafar kundin gadon infuluwenza ba ya komawa ya duba kuskurensa. A jikin mutum ɗaya mai mura ana ƙyanƙyashe ƙwayoyi bila adadin, saboda haka kusan kowane sauyi na harafi ɗaya da zai yiwu yana aukuwa a wani wuri a kullum. Tambayar da ke da muhimmanci ita ce ko mai ɗauke da sauyin zai rayu ya yaɗu.

Amsar da aka samu a farkon shekarun 2000 mai kwantar da hankali ce. Gwaje-gwajen da aka yi da ɓeraye da feret, wata dabba mai kama da tunku wadda mura ke kama ta kusan yadda take kama mutum, sun nuna cewa ƙwayar H1N1 mai H275Y gurguwa ce. Ba ta hayayyafa sosai, kuma sai an zuba da yawa kafin ta kama dabba. Aka fahimci cewa ƙwayar ta tsere wa magani amma ta karya ƙafa wajen tsallake katanga. Muddin mutum na shan maganin za ta iya rinjaye a jikinsa, amma da zarar ta fita inda babu magani, 'yan uwanta masu lafiya za su shige ta su bar ta a baya.

Ban ga laifin waɗanda suka yi gwaje-gwajen ba. Abin da suka auna gaskiya ne, kuma an maimaita an sake samu. Inda aka yi tuntuɓe shi ne ɗaukar sakamakon a matsayin hukuncin har abada a kan H275Y, alhali hukunci ne a kan H275Y cikin niyuraminides na waɗancan shekaru. Furotin ɗin kuwa bai tsaya jiran kowa ba.

Bayan Norwe, labari ya yi ta shigowa. Faransa ta ga kusan rabi. A Turai baki ɗaya wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne a wannan hunturu, Amurka kuma kusan kashi 12 cikin ɗari. Da hunturu ya koma kudancin duniya a tsakiyar 2008, Afirka ta Kudu ta tarar kusan duk H1N1 ɗin da ta gwada ba ya jin maganin. Da sanyi ya sake zagayowa arewa a ƙarshen shekarar, Amurka ta haura kashi 98 cikin ɗari, Japan ma ta bi sahu. Cikin shekara guda, sauyin da aka ce ba ya iya tafiya ya zagaye duniya.

Ka sa kanka a matsayin likita a watan Disamban 2008, ga tsoho mai ciwon zuciya a gabanka, zazzaɓi ya rufe shi tun jiya. Infuluwenzar da ke yawo cikin mutane duk hunturu rukuni biyu ce, A da B, kuma nau'in A guda biyu ke yawo, H3N2 da H1N1. H3N2 na jin Tamiflu, amma tun 2006 aka daina ba da shawarar tsofaffin magunguna irin su amantadin da rimantadin a kansa, saboda wani sauyin harafi ɗaya da ya auku a wani furotin nasa mai suna M2. H1N1 kuwa akasin haka, yawancinsa na jin rimantadin amma ba ya jin Tamiflu. Gwajin gaggawa da ke hannunka iyakarsa ya ce maka A ce ko B, ba zai faɗa maka wane nau'in A ba ne. Maganin kuma an fi cin amfaninsa in aka fara cikin awa 48. Dole ta sa hukumar daƙile cututtuka ta Amurka ta fitar da shawarar wucin gadi a wannan wata: a ba da zanamibir, ko kuma a haɗa oseltamibir da rimantadin. Shi zanamibir ba a son ba wa mai asma ko mai ciwon huhu na dindindin, don yana iya shaƙe numfashi, kuma ƙananan yara ba sa iya shaƙarsa yadda ya kamata. Wato waɗanda suka fi buƙatar magani su ne zaɓinsu ya fi ƙuntata. Wannan shi ne nauyin tairosin guda ɗaya idan ya iso gadon asibiti.

Waɗanda suka share hanya

Bayanin da ya fi gamsarwa ya fito a 2010 a mujallar Science, daga Jesse Bloom da Lizhi Ian Gong da David Baltimore na jami'ar Caltech a Kalifoniya. Baltimore tsohon hannu ne, ya karɓi kyautar Nobel tun 1975. Bloom kuwa ya zo da wani tunani da ya samo tun yana ɗalibi a ɗakin binciken Frances Arnold, inda a 2006 suka nuna cewa furotin da naɗinsa ya fi ƙarko ya fi iya ɗaukar sababbin sauye-sauye ba tare da ya wargaje ba.

Sun fara da tambayar da ya kamata a yi tun farko: takamaimai mene ne H275Y ke ɓatawa? Suka sa tantani ya ƙera niyuraminides mai sauyin da marar sauyin, suka auna yawan wanda ya iso bayan tantanin. Mai sauyin ya yi ƙasa sosai. Almakashin na yanka, amma kaɗan ne ke fitowa daga masaƙa. Dalili kuwa, tantani na da masu duba aiki a cikinsa. Furotin da bai naɗu daidai ba, ko wanda bai haɗu da 'yan uwansa uku yadda ya kamata ba, ba a barin sa ya wuce, sai a riƙe shi a narkar. Tairosin ɗin nan da ya tokare gulutamet yana kuma takura wa naɗin sarƙar. Ƙwayar da ta fito da almakashi kaɗan kuwa ba ta saurin kuɓuta daga tantani, shi ne gurguntakar da aka gani a jikin feret.

Daga nan suka koma tarihin zuriyar H1N1, suka jera kundayen gadon da aka tara shekara da shekaru, suna neman abin da ya sauya a niyuraminides gab da 2007. Suka tsaya a kan biyu: R222Q da V234M. Ko ɗaya cikinsu bai da alaƙa da jin magani ko rashin jinsa. Ƙwayar da ke ɗauke da su kaɗai Tamiflu na kashe ta sarai. Amma da aka saka su cikin niyuraminides na tsohuwar zuriya, sannan aka ƙara H275Y, sai yawan furotin mai aiki da ke isa bayan tantani ya farfaɗo, ƙwayar kuma ta hayayyafa kamar ba abin da ya same ta. A bishiyar zuriyar, waɗannan biyun sun riga H275Y yaɗuwa. Sun zo shiru, suka zauna, ba wanda ya ɗaga kai ya dube su.

Hausawa na cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma ban san wata magana da ta fi wannan dacewa da abin da aka gano ba. Kowane furotin na da ɗan rarar ƙarfi, abin da ya ɗara wanda yake buƙata don ya tsaya da siffarsa. Yawancin sauye-sauyen da ke kawo sabuwar dabara, ko kauce wa magani ko ɓuya daga garkuwar jiki, daga wannan rarar suke ci. In rarar ta yi kaɗan, sauyin sai ya rusa ginin, ƙwayar ta mutu da dabararta. In wani sauyi ya riga ya ƙara wa ginin ginshiƙi, sai a ɗora sabon kayan ya zauna lafiya. Niyuraminides na 1999 ba shi da abin biyan H275Y. Na 2007 yana da shi. Harafin bai canza ba, gidan da ya sauka ne ya canza.

Wasu ɗakunan bincike sun biyo baya sun tabbatar da rawar da R222Q ya taka, suka kuma nuna wasu wuraren, kamar na 344 da na 354, da suka taɓa ƙarfin aikin furotin ɗin. An kuma lura cewa niyuraminides na zuriyar 2007 ya fi na magabatansa riƙe sayalik asid da ƙarfi. Wannan na da muhimmanci, don tsakanin hannun da ke kamawa da almakashin da ke yankewa akwai ma'auni da dole a kiyaye. In kamun ya fi yankan ƙarfi, ƙwayar ta maƙale. In yankan ya yi yawa, ta kasa zama ta shiga tantani. Wasu masana na ganin cewa a zuriyar 2007 almakashin ya ɗan zarce, har H275Y da ke rage masa kaifi ya zama mai daidaita ma'aunin.

Wannan ya kawo mu ga tambayar Norwe da Japan. Sauye-sauyen share hanya sun bayyana dalilin da ya sa H275Y ya daina zama nakasa, amma daina zama nakasa daban, mamaye duniya daban. Bayani biyu masana suka fi kawowa, kuma ba sa karo da juna. Na farko shi ne wanda aka ambata, cewa a sabon gidan sauyin na da ɗan amfani ko babu magani. Na biyu shi ne ya hau motar wani. A daidai lokacin, wata sabuwar zuriyar H1N1, dangin wadda aka fara warewa a Birisben ta Ostireliya a 2007, tana ture tsofaffin saboda hemagulutinin ɗinta ya sauya kama, garkuwar jikin mutane ba ta gane shi sosai. Reshen da ke ɗauke da H275Y na cikin wannan zuriya, saboda haka duk inda ta ci gari, da shi aka shiga. Ko ta wace hanya aka bi, yawan Tamiflun da wata ƙasa ke sha bai shiga lissafin ba, shi ya sa taswirar shan magani da taswirar rashin jinsa suka ƙi haɗuwa.

Mai karatu na iya cewa wannan tsautsayi ne na furotin ɗaya. Bloom da Gong, tare da Marc Suchard, sun gwada hakan a wani furotin na daban, suka wallafa a 2013. Suka ɗauki niyukiliyofurotin na H3N2, wanda ke naɗe kundin gadon ƙwayar a ciki, suka bi sauye-sauye 39 da suka raba na 1968, shekarar da nau'in ya shigo cikin mutane, da na 2007. Suka sake gina matakan ɗaya bayan ɗaya yadda tarihi ya jera su, kowane mataki ya yi aiki. Sannan suka ɗauki kowane sauyi shi kaɗai suka saka a furotin na 1968. Uku daga ciki suka durƙusar da shi. Ukun nan duk masu raunana naɗi ne, kuma a tarihin gaske ba wanda ya kafu cikinsu sai da wani sauyi mai ƙara ƙarko ya tallafe shi. Ɗaya daga cikinsu, R384G, an riga an san yana taimaka wa ƙwayar ɓuya daga tantanin T, dakarun garkuwar jiki masu kashe tantanin da cuta ta shiga. Ashe abin da ya faru da Tamiflu hanya ce da infuluwenza ta saba bi: ta tara ƙarfi, ta kashe shi wajen tserewa, ta sake tarawa. Jerin da sauye-sauye suka zo da shi na cikin abin da ke yanke wanda zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba.

A ganina nan ne darasin ya fi ciwo ga masu sa ido. Cibiyoyin da ke aiki da Hukumar Lafiya ta Duniya a Landan da Atlanta da Melbon da Tokiyo sun yi aikinsu, su ne ma suka gano yaɗuwar da wuri suka bi sawunta. Kundayen gadon da ke ɗauke da R222Q da V234M suna nan a ajiye tun kafin 2008, kowa na iya buɗewa ya gani. Abin da babu shi ne dalilin da zai sa a dube su, tunda tambayar da ake yi wa kowane samfuri ita ce ko yana jin magani, su kuwa suna ji. Ba a saba tambayar ko furotin ɗin ya kusa samun halin ɗaukar sauyin da ake tsoro ba. Wannan tambaya ta fi wuya, don ba a amsa ta da karanta haruffa kaɗai, sai an koma ɗakin gwaji an saka sauyin cikin zuriyar da ke yawo yanzu an auna, kuma bayan 'yan shekaru a sake aunawa. Daga baya an ɓullo da dabarar gwada dubban sauye-sauye a furotin ɗaya lokaci guda, kuma ɗakin binciken Bloom a cibiyar Fred Hutchinson da ke Siyatil na cikin waɗanda suka yi fice a kai. Ita ma dabarar ta sake nuna cewa sauyi guda na iya zama alheri a hemagulutinin na wata zuriya, ya zama masifa a na wata.

Yadda lamarin ya ƙare

Ba dabarar ɗan Adam ce ta kawar da H1N1 marar jin Tamiflu ba. A watan Afrilun 2009 wata sabuwar H1N1 ta ɓulla a Meziko da Amurka, wadda gutsattsarin gadonta suka haɗu a jikin aladu. Ranar 11 ga Yuni, shugabar Hukumar Lafiya ta Duniya, Margaret Chan, ta ayyana annoba. Sabuwar ƙwayar ta bazu cikin mutanen da yawancinsu ba su da garkuwa a kanta, kuma cikin ɗan lokaci ta kore tsohuwar H1N1, wadda ke yawo tun dawowarta a 1977, har aka daina ganin ta. Niyuraminides na sabuwar daga wata zuriyar aladun Turai da Asiya ya fito, kuma histidin ne a wuri na 275. Tamiflun da aka jibge a rumbuna ya yi aiki. Da a ce annobar ta zo da niyuraminides irin na wadda ta kora, da duk tanadin nan ya tashi a banza, kuma tunda nau'o'in infuluwenza kan yi musayar gutsattsari in suka haɗu a jiki ɗaya, masana sun yi wannan fargabar da gaske a lokacin.

Sabuwar ma ba ta daɗe ba ta fara nuna H275Y. An ba da rahoton na farko a Denmak a watan Yunin 2009, a jikin wanda ke shan maganin don kariya. Irin wannan an san da shi, kuma yawanci a jikin mai shi yake ƙarewa. Wanda ya sa aka miƙe tsaye shi ne na 2011 a yankin Niyukasil na Ostireliya, inda aka sami mutum kusan 30 ɗauke da ƙwayar marar jin magani, kusan dukansu ba su taɓa shan sa ba, alamar daga mutum zuwa mutum take tafiya. Wannan karon an san inda za a duba. Masana a Melbon suka bincika sauran jikin niyuraminides ɗin suka sami V241I da N369K, gwaji a jikin feret kuma ya nuna suna yi wa H275Y irin hidimar da R222Q da V234M suka yi wa na baya. A hunturun 2013 zuwa 2014 aka sake ganin irin wannan tari a Sapporo ta Japan. Dukansu biyun sun mutu a inda suka tashi, ba su zagaye duniya ba.

Sai dai V241I da N369K ba su tafi ko'ina ba. Sun bazu har suka zama ruwan dare a zuriyar H1N1 ta 2009 da ke yawo cikin mutane, yayin da H275Y kansa ya tsaya wajen kashi 1 cikin ɗari ko ƙasa da haka a yawancin shekaru. A 2018 aka sami sabon magani, baloksabir, da ake sayarwa da sunan Xofluza, wanda ya bar niyuraminides ya kai hari kan injin kwafar gadon ƙwayar. Tun a gwajin asibiti aka ga sauyin I38T a furotin PA yana rage masa ƙarfi a jikin wasu majinyata, musamman yara. A 2024 kuma masanan hukumar daƙile cututtuka ta Amurka suka ba da rahoton wasu ƙwayoyin H1N1 da aka tsinta a ƙasashe da dama tun 2023, ɗauke da sauyi biyu a niyuraminides, I223V da S247N, waɗanda in suka haɗu suke rage kamun oseltamibir a gwajin ɗaki fiye da ninki goma. Raguwar ba ta kai ta H275Y ba ko kusa, kuma har lokacin rahoton zanamibir da baloksabir na aiki a kansu.